Wanda Ya Tsaya wa Almu

Ranar Talata ce, damina ta yi tsakiya, Maimuna ta zo Tambuwal da takarda a ninke cikin leda. Malam Haliru ya dawo daga makaranta ke nan, ko allin hannunsa bai wanke ba, ya tarar da ita zaune kan tabarma a tsakar gida. Matarsa Hamdiya ta ajiye mata fura, ba ta taɓa ba. Ƙafafunta duk laka ne har idon sawu. Daga ganin haka ya san daga Kebbe take, kuma babur ta hawo.

Maimuna matar Almu ce. Almu kuwa abokin Haliru ne tun suna ƙanana a Tungar Na'iya, wani ɗan ƙauye da ke bayan Kebbe. Tare aka sa su firamare. Almu ya tsaya a aji huɗu ya koma bin shanun ubansa, Haliru ya zarce har ya zama malamin Turanci, shekara goma sha tara ke nan yana koyarwa a wata sakandare a Tambuwal. Zumuncinsu bai yanke ba. In an yi haihuwa ko rasuwa a gidan ɗaya, ɗayan ne mutum na farko da ake gani a ƙofar gida.

"Maimuna, lahiya? Ina Almu?"

"Sun kama shi, Malam. Yau kwana fuɗu."

Ta ba shi labari, muryarta a dushe. Ranar Alhamis 'yan bindiga sun faɗa wa wani ƙauye kusa da nasu da hantsi, sun kashe mutum uku a gona, sun kora shanu. Washegari wani ya ce shi da idonsa ya ga Almu yana fitowa daga daji da jaka a kafaɗa, kwana biyu kafin harin. 'Yan sa-kai suka zo har gida, suka doke shi a gaban 'yarsa Anisa, suka kai shi wani ofishin tsaro a Kebbe. Kullum tana kai masa abinci. Jiya babban jami'in wurin ya ba ta wannan takarda, ya ce in ma'aikacin gwamnati ya sa hannu, za a sake shi ya riƙa zuwa daga gida.

"Ba mu da wani ma'aikaci sai kai," in ji ta.

Haliru ya buɗe ledar. Takarda ce guda, da wurin suna, da wurin aiki, da inda za a manna hoto. A tsakiya akwai layi ɗaya da aka buga da manyan baƙaƙe: I vouch for the person named above.

Ya daɗe yana kallon kalma ta biyu. Kalma ce da ya saba koyarwa duk shekara a babban aji. Harafinta na farko babu shi a Hausa, sai ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka bar murya ta fito, sannan ka ce au, ka rufe da c ba tare da ka ƙara wasali ba. Ɗalibai kuwa ko ya suka yi sai su ce Bauchi, aji ya ɗauki dariya, shi kuma ya ce musu ba tafiya za a yi ba, kowa ya zauna a kujerarsa. Bai taɓa ganin kalmar a wani wuri ba sai a littafi da allo.

"Mi tac ce?" Maimuna ta tambaya.

"Cewa tac yi na tsaya mai."

"To ai ka san shi."

"Ba sani kaɗai ba ne, Maimuna. Wannan kalma, in mutum ya hurta ta, yana nuhin na san halinai, na san abin da zai iya yi da wanda ba shi yi, kuma na aza sunana bisa nashi. In anka iske ba hakanan ba ne, ni za a nema."

Ta dube shi, ta sunkuyar da kai. Hamdiya ta ja ta ɗaki ta huta.

Akwai abin da Haliru ya sani wanda bai faɗa ba. Da Babbar Sallah ya je Tunga gaisuwa, Almu ya ja shi bayan garke, nesa da mutane, ya gaya masa abin da ke cinsa. Almu ya iya jinyar shanu, yana yi musu allura, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa ɗaukarsa. Wata rana mutum biyu da bindiga suka same shi a gona, suka ce shanunsu na mutuwa a daji, ya biyo su. Ya bi su. Bayan nan suka sake aikowa sau biyu. Almu ya ce ya san shanun na sata ne, har ya gane wasu daga alamar kunnensu, amma wanda aka zo wa da bindiga har gona ba shi da ta cewa. Ya roƙi Haliru kada maganar ta wuce su biyu.

Bayan la'asar Hamdiya ta same shi a zaure, takardar na kan cinyarsa.

"Malam, tun ɗazu kake kallonta. Ba ka yarda da shi ba ne?"

"Na yarda da shi."

"To mi ya rage?"

Ya yi mata bayani kamar yadda zai yi a aji, don bai san wata hanyar ba. Ya ce Turawa sun raba abin gida biyu. Akwai trust, wannan a zuciya take, tsakaninka da mutum, ba wanda zai ce ka fito da ita ya gani. Ita kuwa vouch sai da mutum na uku. A gaban wani ake faɗinta, don shi ma ya yarda saboda kai. Kuma ba ta tafiya ita kaɗai, sai an bi ta da for, wato domin wane. Ba ka faɗinta sai ka ambaci wanda ka tsaya wa.

Hamdiya ta saurare shi har ya gama. "Ni ban san Turanci ba," ta ce. "Abin da nis sani, ɗiya fuɗu gare mu cikin gidan ga. Kuma matar can da ke ɗakina ba ta ci komi ba tun jiya. Ka tahi ka gan shi da idonka, ka tambaye shi. Kada ka sa hannu daga nan."

Da safe ya nemi izinin shugaban makaranta, ya ce rashin lafiya ce a gida. Suka ɗauki babura biyu. An yi ruwa da asuba, hanya ta jiƙe, sau biyu suna sauka su taka a ƙafa masu babur su tura. Gero ya yi kore shar a gefen hanya, amma da suka matso Kebbe sai Haliru ya fara ganin gonakin da ciyawa ta cinye, waɗanda masu su suka ji tsoron zuwa.

Jami'in sunansa Ziyad. Ba ɗan yankin ba ne, Hausarsa irin ta rediyo ce, yana haɗawa da Turanci. Mutum ne mai fara'a kaɗan da alamun rashin barci. Ya duba katin aikin Haliru gaba da baya, ya ce ya ba shi minti goma.

An fito da Almu wani ɗan ɗaki mai benci guda. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, yatsunsa biyu an ɗaure su da tsumma. Da ya ga Haliru sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ta sa ka baro aiki."

"Bar wannan. Almu, tsakaninka da Allah. Ranar da anka gan ka da jaka, daga ina kake?"

"Daga can nika."

Haliru ya so a ce ƙarya aka yi wa abokinsa.

"Mutanen dajin sun tambaye ka inda shanun ƙauyen ga suke?"

"Ba su tambaye ni ba, ban gaya musu ba. Haliru, sun hi ni sanin garkunan ƙasar ga. Allura niy yi, niɗ ɗauki jakata, nit taho. Cikin waɗanda sunka kashe akwai Ɗan'iya, da shi muka zuwa kasuwa. Wallahi ban san za su zo ba."

"Ka gaya wa jami'in haka?"

"In na ce na taɓa zuwa wurinsu, ko sau guda, ba ni hita. Kuma magana ba ta kwana nan ciki. Kahin yamma ta kai daji." Ya dubi yatsunsa. "An ce Juma'a za a wuce da ni Sakkwato. In zuciyakka ba ta kwanta ba, kada ka sa. Ba ni riƙe ka."

Da ya koma ofis, Haliru ya ajiye takardar a kan tebur ya ce yana da roƙo. Ya nuna layin da yatsa, ya ce ko za a soke kalmomin nan biyu a rubuta know a wurinsu. Shi ya san mutumin tun suna yara, kuma zai iya rantsuwa a kan haka.

Ziyad ya jingina da kujera. "Malam, kai ne fa malamin Turanci. Wanda ya kawo ƙararsa ma ai ya san shi. Duk Kebbe an san shi. Ni ba wanda ya san shi nake nema ba. Mutum uku aka binne, danginsu suna zuwa nan kullum suna tambayata. In na sake shi, sai in ce musu ga wanda ya tsaya masa." Ya turo takardar. "Karanta mini layin da ƙarfi, don kada gobe ka ce ba ka gane ba."

Haliru ya karanta. Ya furta kalmar daidai, haƙori a kan leɓe, yadda ya shekara goma sha tara yana nunawa.

"Madalla. Saura tambaya ɗaya. Akwai wani abu da ka sani game da shi wanda ya kamata in sani?"

Ta taga Haliru yana hango Maimuna tsugune a gindin bango, da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali.

"Babu," ya ce.

Ya sa hannu, aka manna hotonsa. Sharaɗin shi ne Almu ya riƙa zuwa ofis duk Litinin da safe ya nuna kansa.

A bakin ƙofa Haliru ya ce wa Almu ya kwashe iyalinsa su zo Tambuwal, akwai ɗaki a zaure, su zauna har ƙura ta lafa. Almu ya girgiza kai. Ya ce geronsa na jiran maimai, shanu kuma ba mai duba su, kuma in ya bar gari yanzu kowa zai ce gudu ya yi. Ya riƙe hannun Haliru da hannunsa mai lafiya, ya daɗe bai saki ba. Daga nan ya hau babur a bayan wani ɗan garinsu, Maimuna ta hau wani.

Litinin ta farko Almu ya je. Haliru ya kira ya tabbatar, ya ji sanyi a ransa. Litinin ta biyu yana cikin aji, yana rubutu a allo, wayarsa ta yi ƙara. Ziyad ne.

"Malam, ina mutuminka?"

A ranar ya tafi Tunga. Mutanen da ke zaune a gindin bishiyar ƙofar gari, waɗanda suka san shi tun yana tsirara, suka amsa sallamarsa a ciki-ciki. Maimuna ta fito zaure, ta tsaya daga bayan ƙyaure. Ta ce ranar Asabar da hantsi Almu ya fita, bai dawo ba.

"Bai ce miki inda za shi ba?"

"Bai ce ba."

"Maimuna, dube ni. Sunana na bisa takardar can."

Ba ta dube shi ba. Ta ce ita ba ta san komai ba, ta koma ciki.

Ziyad ya tsare Haliru kwana biyu a ɗakin nan mai benci guda. Ba wanda ya taɓa shi. Tambaya ɗaya ake ta maimaita masa ta fuskoki dabam-dabam, shi kuma yana ta cewa bai sani ba. Da aka sake shi, sharaɗin da ke kan Almu ya dawo kansa: duk Litinin ya zo ya nuna kansa, har ranar da zai kawo mutumin da ya tsaya wa. Aka kuma rubuta wa makarantarsu. Shugaban makaranta ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya ce shi bai yarda da abin da ake faɗa ba, amma an umarce shi daga sama, Malam Haliru ya dakata da shiga aji har a gama bincike.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa. Ba wanda ya faɗa masa a fuska. In ya iso teburin mai shayi sai hira ta mutu, a koma zancen ruwan sama. A masallaci wanda ya saba tsayawa kusa da shi ya koma wani sahu. Iyayen da ke turo 'ya'yansu zaurensa da yamma don ƙarin karatu suka daina, kowa da uzurinsa. Hamdiya ta je suna a maƙwabta, ta dawo tun kafin a raba abinci, ta shiga ɗaki ta rufe. Bai tambaye ta abin da aka ce mata ba, ita ma ba ta taɓa cewa ai ga abin da ta guda ba. Ya so ma ta faɗa.

Da aka fara yankan gero aka sake kai hari wani ƙauye a kudancin Kebbe. Wata mata da ta tsira ta ce ta ji murya a cikin maharan kamar ta mai allurar shanun nan. Ranar Litinin Ziyad ya karanta wa Haliru maganar daga fayil, ya ɗago ya dube shi.

Daga ranar Haliru ya daina kare Almu ko a zuciyarsa. A kan babur, zuwa da dawowa, sai ya riƙa tono abubuwan da suka wuce yana juya su. Ya tuna sabuwar wayar da ya gani a hannun Almu bara. Ya tuna yadda garken Almu bai taɓa raguwa ba alhali na maƙwabta na ƙarewa. Har maganar bayan garke ta koma masa wani abu dabam, ya ce a ransa share fage ne, tun lokacin Almu ya san zai buƙaci wanda zai tsaya masa, ya zaɓi wawan da ya fi kusa. Wata rana ƙaramar 'yarsa ta tambaya yaushe Baba Almu zai kawo musu nono, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba. Ya rame. Yakan zauna a zaure da littafi a buɗe, har azahar bai juya shafi ba.

Bayan an gama kai amfanin gona gida, wata Laraba da hantsi, Maimuna ta yi sallama. Tana tare da Anisa, da buhu biyu na kaya, da tukwane a ɗaure. Mutanen Tunga sun fara watsewa, ita ma za ta Jega wurin yayanta. Ta ce motar ba ta cika ba, shi ya sa ta ce bari ta shigo.

Haliru bai ce ta zauna ba. Hamdiya ce ta shimfiɗa tabarma. Sai da Maimuna ta zauna Hamdiya ta lura da ita sosai: ba kwalli, ba lalle, ba ko ɗan kunne, zanen jikinta ya koɗe.

"Maimuna," Hamdiya ta ce a hankali, "takaba kike?"

Maimuna ta ce wa Anisa ta je waje ta tsare kaya. Da yarinyar ta fita, sai ta fara magana, idonta a kan tabarma.

Ranar Asabar ɗin nan mutum biyu suka sami Almu a gona. Suka ce sun ji an sake shi da wuri, kuma ba a sakin mutum haka sai ya yi magana. Manyansu na son ganinsa. Ko ya zo da ƙafarsa kafin azahar, ko su zo gidan su ɗauke shi da duk wanda suka tarar. Ya dawo gida, ya yi wanka, ya sa rigar Juma'arsa. Ya gaya mata komai. Ya ce kada ta faɗa wa kowa, ko jami'i ko mai gari, don akwai kunnensu a cikin gari, in suka ji ta buɗe baki za su dawo.

"Yac ce in na ga Malam in ce ya yahe mai. Yac ce ya san abin da za ya biyo baya."

"Kuma kin gan ni," Haliru ya ce. "Na zo har ƙohwar ɗakinki."

"Ka zo. Akwai mutum zaune bayan danga yana saurare. Anisa na ɗaki."

Bayan kwana goma sha biyu, wani mutumin wani ƙauye da suka riƙe a daji ya samu ya dawo gida. Ya aiko matarsa wurin Maimuna kamar mai sayen kuka. Matar ta ce mijinta ya ga Almu. Kwana biyu suna tambayarsa abin da ya gaya wa hukuma, yana cewa bai faɗi komai ba. A rana ta uku suka harbe shi. Mijinta na cikin waɗanda aka sa suka haƙa ramin, kuma shi ne ya juya fuskar Almu gabas.

Tun ranar take takaba a ɓoye. Ba wanda ya yi mata gaisuwa. In mata sun tambaye ta ina kwallinta, sai ta ce idonta ke ciwo. Tana ji ana cewa mijinta na daji yana kashe mutane, ta wuce da tulunta.

Hamdiya na kuka a fili. Haliru ya tashi ya shiga zaure, ya tsaya fuskarsa na kallon bango. Ba mutuwar ce ta fi damunsa ba. Lissafi yake yi: ranar da matar nan ta ce ta ji muryar Almu a cikin mahara, Almu ya fi wata guda a ƙasa. Duk abin da ya saƙa a kan babur, duk zagin da ya yi a zuci, gawa ya yi wa.

Da ya dawo ya tsuguna nesa da ita kaɗan, ya yi mata gaisuwar da ba wanda ya yi mata. "Allah ya jiƙan shi. Allah ya ba ki haƙuri." Ta amsa, sannan ta rufe fuska da mayafi, tana kuka.

Ya tambaye ta ko mutumin zai yarda ya faɗa a gaban jami'i. Ta ce ba zai yarda ba, ko sunansa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Ita kuwa, in ta isa Jega ta ajiye Anisa, ko waye ya tambaye ta za ta faɗa.

Hamdiya ta hana ta tafiya ranar. Ta ce ba za a ce mutum ya mutu ba a yi masa ko addu'a ba. Ta jiƙa shinkafa, da safe ta toya masa mai yawa. Haliru ya bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa abokinsa Almu ya rasu, za a yi addu'a a ƙofar gidansa bayan hantsi. Ya shimfiɗa tabarma biyar. Liman ya zo, da wani tsoho mai gyaran keke, da malamai biyu daga makarantarsu, ɗaya ma bai zauna ba sai da ya waiga hagu da dama. Su ke nan. Liman ya yi addu'a mai tsawo kamar wurin a cike yake. Masar da ta rage Hamdiya ta zuba a kwanuka ta aika gidajen maƙwabta. Gida biyu suka dawo da ita.

Ranar Litinin Haliru ya gaya wa Ziyad komai, tun daga bayan garke har ramin da aka haƙa. Ya ce ranar da aka tambaye shi ko akwai abin da ya sani, ƙarya ya yi. Ziyad ya rubuta, bai katse shi ba. Da ya gama ya ajiye biro ya murza idanunsa.

"Wataƙila gaskiya ne, Malam. Ni kaina na fi zaton haka ne. Amma ba gawa, ba shaida, sai maganar matarsa da ta ji daga matar wani da ba shi da suna. Ba zan iya rufe fayil da wannan ba. Abin da kawai ya tabbata yau shi ne ka ɓoye mini magana, kuma dole in rubuta."

"Rubuta, Yallaɓai."

"Da ka faɗa mini a ranar, da ban sake shi ba."

"Na sani."

"Da yanzu yana Sakkwato a tsare. Da ransa."

Haliru ma ya yi wannan tunanin tun ranar Laraba, ya kuma yi na kishiyarsa, cewa da maganar ta fita daga ofis ta kai daji, da gidan duka za su zo wa. Bai san wanne ne gaskiya ba, kuma ba wanda zai tambaya.

Ba a mayar da shi aji ba. Da sabon zango ya kama aka tura shi wani ɗakin ajiya, inda ake tara tsofaffin littattafai da karyayyun kujeru, ya riƙa zuwa da safe yana tashi da azahar. Zuwa Kebbe aka rage masa ya koma sau ɗaya a wata. Wasu a unguwa suka dawo gaishe shi, wasu har yau ba su dawo ba.

Maimuna ta gama takabarta a Jega. Yayanta ya je Tunga don ya taho da shanun, ya tarar saura bakwai, sauran ba wanda ya san inda suka shiga. Anisa ta shiga makaranta a can. Wani lokaci Hamdiya kan kira su ranar Juma'a, ta miƙa wa Haliru wayar, su gaisa da Maimuna, ya tambayi karatun yarinya, ta ce da godiya. Daga nan sai su yi shiru su biyun, har Hamdiya ta karɓi wayar ta ci gaba da magana.